Daga Dorugu Zuwa Michael West: Yadda Kalmomin Turanci Suka Shiga Bakin Bahaushe

A watan Satumba na 1855 wasu samari biyu suka sauka a Landan tare da Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin nan da aka sani a Kukawa da Kano da Tambutu da sunan Abdulkarim. Babban, Abbega, Bamargi ne. Ƙaramin, Dorugu, Bahaushe ne daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram. An kama shi bauta yana yaro, ya yi ta sauya hannu, har Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, ya 'yanta shi a Barno. A Ingila ya zauna gidan wani ɗan mishan mai suna James Frederick Schön, wanda ya tsinci Hausarsa a bakin 'yantattun bayi a Saliyo, ya kuma biyo kogin Kwara a 1841, amma bai taɓa taka tsakiyar ƙasar Hausa ba.

Ciniki aka yi tsakanin dattijon da yaron, sai dai ribar ba ta zo daidai ba. Dorugu ya riƙa zuba tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa da sunayen abubuwa, Schön yana rubutawa. Da wannan taimako aka fitar da littafin nahawu a 1862, ƙamus a 1876, sannan Magana Hausa a 1885. Duk an buga su ne domin Bature mai son jin Hausa. Turancin da shi Dorugu ya koya kuwa, a kansa ya zauna, da shi ya dawo gida a 1864, ya ci abinci da shi a matsayin tafinta. Babu wanda ya ce masa ya zauna ya jera wa 'yan'uwansa kalmomin Turanci da ma'anarsu.

Haka aka ci gaba da tafiya kusan shekara ɗari. Charles Henry Robinson ya zo Kano a ƙarshen 1894, ya koma Cambridge ya buga nasa ƙamus ɗin mujalladi biyu a 1899 da 1900. Mujalladi na biyu daga Turanci zuwa Hausa yake, amma wanda aka yi dominsa shi ne hafsan soja ko ɗan mishan da ke son sanin yadda zai ce a kawo masa ruwa ko a ɗaura wa doki sirdi.

Da Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, mai tunani zai ɗauka abu na farko da za su yi shi ne cusa wa mutane harshensu. Ba su yi ba. Gwamna Lugga da waɗanda suka biyo bayansa sun ga abin da Turanci ya haifar a Indiya da Legas: lauyoyi da 'yan jarida masu mayar wa gwamna martani da harshensa. Ba su son irin wannan a Arewa. Sai suka ɗora wa kansu nauyin koyon Hausa, aka sa wa jami'an mulki jarrabawar harshe mai hawa biyu, wanda bai ci ba ƙarin girmansa ya makale. Sarakuna ma, a nasu ɓangaren, ba su marmarin makarantar da suke zargin za ta raba yara da addininsu. Rowa daga sama, ƙyama daga ƙasa, sai Turanci ya zama kayan 'yan tsiraru.

Waɗanda suka ci moriyar wannan giɓi su ne tafintoci da akawuna. Ofisoshin gwamnati da na kamfanoni suka cika da mutanen Legas da Saliyo da Gwalkwas, ƙasar da ake kira Ghana yanzu. Ita kanta kalmar akawu daga Yarbanci aka aro ta, abin da ke nuna waɗanda aka fara gani riƙe da alƙalami a teburin Bature. Tafinta kuwa sarki ne marar rawani. Di'o ya fito rangadi, an kafa masa kujera a gindin bishiya, talaka ya durƙusa ya kawo kuka, maganarsa ba za ta isa kunnen Bature ba sai ta ratsa ta bakin mutum ɗaya, kuma amsar ma ta nan za ta dawo. In ya ga dama ya ƙara gishiri, in ya ga dama ya rage. Lugga da kansa ya sha kokawa a rubuce kan cin hancin tafintoci.

A 1909 Hanns Vischer, haifaffen Switzerland wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa, bayan ganuwar Kano. Ya fara da malamai waɗanda za su koyar da wasu, sannan 'ya'yan sarakuna, sannan masu koyon sana'a. Da Hausa ake karatun, da baƙaƙen boko, kuma shi ne ya tsara ƙa'idojin rubutunta a 1912. Turanci sai ɗan tsakure, ga waɗanda aka ga ya dace. Cikin masu koyarwa a wurin har da wani tsoho da ya ga Landan tun kafin a haifi Vischer: Dorugu ne, kuma a nan Nasarawa ya rasu a 1912. A Zariya kuwa an samu wani abu dabam, inda Likita Mila na mishan ɗin CMS ya riƙa koya wa yaran da ke hannunsa Turanci ba tare da ƙwange ba. Daga wannan gida, wanda ya koma Wusasa a 1929, aka samu Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa.

Amma yayin da ake tsaron ƙofar makaranta, kalmomin sun riga sun shigo ta bayan gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kantunan Turawa suka jeru a Fagge da bakin tasha. Lebura da ɗan dako da kuku da boyi da mai gadi, ba wanda ya zaunar da su a aji, amma kowa ya kama abin da aikinsa ke bukata. Daga reluwe aka samu tasha da tikiti da fasinja. Daga kotu aka samu joji da lauya da sammaci da beli da fursuna. Kuɗi suka zo da sunayensu: fam, sule, nai, sisi, kwabo. Da motoci suka yawaita, garejin makanikai ya zama wata makarantar, inda yaro ke sanin birki da giya da kuloci da sitiyari tun kafin ya san harafi ɗaya.

Duk wanda ya saurari waɗannan kalmomi da kyau zai gane ta kunne suka shigo, ba ta ido ba. Baturen Ingila ba ya furta harafin r da ke ƙarshen kalma, shi ya sa Bahaushe ya ji mota da direba da soja da hafsa, ya kuma riƙe su haka. Da a takarda ya gan su, da wata siffar suka ɗauka. Harshen Hausa kuma ba ya son baƙaƙe su cunkushe wuri ɗaya, yana son kalma ta ƙare da wasali, saboda haka ya buɗa su ya ba su numfashi: burodi, bokiti, asibiti, sukurudireba. A tsallaken iyaka irin wannan aikin aka yi wa Faransanci, inda Hausawan Maraɗi da Damagaram suka samu lakwal a madadin makarantar boko, malaminta kuma suka kira shi mushe.

Bariki ta fi ko'ina zubo kalmomi. Tun zamanin Lugga Hausa ce harshen rundunar sojan Afirka ta Yamma a Nijeriya, har aka samu wata gurɓatacciyar Hausa ta musamman da ake kira Barikanci, amma umarnin fareti da sunayen muƙamai na Turanci ne: kofur, saje, samanja, kyaftin, manjo, kanar. A Yaƙin Duniya na Biyu rundunar ta kumbura, aka kawo sababbin hafsoshi da ba su jin ko sannu, sai hukumar soja ta matsa a koya wa dakaru Turanci. Dubban samarin Arewa da suka tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 sun dawo da 'yan kalmomi ɗari-ɗari a baki. Da yawansu da su suka samu aikin masinja, ko ɗan doka, ko direban En'e.

Ita gwamnati sai da uwar bari ta kama ta. Gwamna Hugh Clifford ya duba ya ga bayan shekara ashirin da mulkin Ingila, lardunan Arewa ba su fitar da wanda zai riƙe ko ƙaramin aikin akawu a ofishin gwamnati ba, ya kuma faɗi haka a fili. A 1921 aka fara karatu a Kwalejin Katsina, shi Clifford ya zo ya buɗe ta a watan Maris na 1922. Nan ne aka saki Turanci sosai, amma ga 'yan ƙalilan, ana zaɓo su daga kowane lardi, su shekara biyar suna shirin zama malaman makaranta. Malamai irin su Gerald Power sun ɗauki lafazi da muhimmancin da alaramma ke ba wa tajwidi. Yaro zai maimaita kalma ɗaya har sai p ta rabu da f a bakinsa, abin da har gobe yake ba Bahaushe wahala, don a harshensa sautin guda ne. Kashim Ibrahim ya bi ta nan, Ahmadu Bello ya shiga a 1926, Abubakar Imam a 1927, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1928. Muryar Tafawa Ɓalewa da ta yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960, ta kuma yi a gaban majalisar dokokin Amurka a 1961, a cikin waɗancan ɗakunan ƙasa na Katsina aka goge ta.

Sai dai mutum nawa ne? A tsarin da aka kafa wajen 1930, yaro zai yi elemantare da Hausa zalla. Sai ya tsallake zuwa midil, wadda galibi ɗaya ce tak a lardi, sannan zai fara haɗuwa da Turanci gadan-gadan. 'Yan mata kuwa kusan ba a zancensu.

Hausar dai ta ci riba da wannan rowa, wannan gaskiya ce da ba a cika faɗi ba. Hukumar fassara da aka kafa, wadda Rupert East ya jagoranta a Zariya, ita ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Abubakar Imam yana edita, kuma a teburinta aka riƙa yanke hukunci kan sababbin abubuwan duniya: wanne za a aro sunansa, wanne za a ƙera masa na gida. A 1934 kuma George Percy Bargery ya fitar da ƙamus ɗin da har yau ba a yi kamarsa ba wajen girma, bayan ya shafe fiye da shekara goma yana yawon garuruwa yana tambayar malamai da mahauta da masaƙa da maharba. Kalmomin Hausa kusan 39,000 ya tara, ya nuna karin sautin kowace. Amma duba inda littafin ya fuskanta: ɓangaren Hausa zuwa Turanci ya haura shafi dubu, ɓangaren Turanci zuwa Hausa kuwa ɗan jeri ne a ƙarshe. Ƙamus ɗin R. C. Abraham na 1949 ma can ya fuskanta. A bugun farko an sa sunan Malam Mai Kano a matsayin abokin aiki, a bugun 1962 sunan ya ɓace.

Kayan aikin da ɗalibin Arewa ya koyi kalmomin Turanci da su, daga wata nahiya suka zo. Michael West jami'in ilimi ne a Dhaka, a yankin Bengal na Indiya ta lokacin. Ya lura yawancin yaran da ke shiga makaranta ba sa kaiwa ƙarshe, suna fita ba su tsira da komai ba, don littattafan karatunsu cike suke da kalmomin adabi da ko Bature ba ya amfani da su a gida. Kusan kowane layi da baƙuwar kalma, yaro bai gama da wannan ba wata ta taso masa. West ya zauna ya sake rubuta littattafan. Inda aka sa isle ya mayar da ita island, inda aka sa ere ya sa before. Ya kuma tsawaita labaran yadda baƙuwar kalma ba za ta zo ba sai bayan layuka da dama, in ta zo kuma ta yi ta dawowa har ta zauna. Kamfanin Longmans ya fara buga su a ƙarshen shekarun 1920 da sunan New Method Readers, suka bazu a ƙasashen da Ingila ke mulka.

Lokacin ana yayin ƙirga kalmomi. A Amurka Edward Thorndike ya fitar da jerin kalmomi 10,000 da suka fi yawan fitowa a rubutu a 1921. A Cambridge C. K. Ogden ya ce kalma 850 sun isa a faɗi komai, ya kira tsarinsa Basic English, har Churchill ya yabe shi a jawabinsa na Harvard a 1943. West bai yarda da Ogden ba, a ganinsa Turancin da aka matse haka ya daina zama Turancin mutane. Gidauniyar Carnegie ta tara masanan a New York a 1934, da Landan a 1935, cikinsu har da West da Thorndike da Harold Palmer wanda ke aiki a Japan. Daga wannan aiki ne West ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 a 1953, waɗanda bincike ya nuna su ne kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ake karantawa a rubutun yau da kullum.

Abin da ya sa sunansa ya zauna a bakin 'yan Nijeriya kuwa shi ne ɗan ƙamus ɗin da ya rubuta tare da James Endicott a 1935. Kalmomi da jimloli kusan 24,000 ya bayyana, amma duk bayanin da kalma 1,490 kacal aka yi shi. Yaron da ya san waɗannan ba zai duba ma'ana ya tarar da ta fi kalmar wuya ba. A makarantu sunan littafin na ainihi ya ɓace, sai dai a ce wa yaro ya ɗauko Michael West ɗinsa. Wanda ya yi gaba zuwa sakandare sai ya koma ga na A. S. Hornby, wanda aka fara bugawa a Tokyo a 1942 ana tsakiyar yaƙi, Oxford ta karɓe shi a 1948.

Siyasa ce ta karya rowar. Da aka shiga shekarun 1950 aka hango mulkin kai, shugabannin Arewa suka duba ofisoshin Kaduna suka ga ba 'ya'yansu a ciki. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta ɗauki manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa, sai ga shi ana neman akawu da mai buga tafireta da malamin asibiti ruwa a jallo. Makarantar horar da ma'aikata da ke Kongo a Zariya ta cika. Hukumar NORLA, wadda aka kafa don samar da littattafan Yaƙi da Jahilci, ta fitar da Hanyar Taɗi da Turanci saboda Bahaushe mai son ya iya magana. Neil Skinner, tsohon jami'in mulki da ya koma aikin littattafai, ya yi ƙaramin ƙamus na aljihu a 1959, sannan a 1965 ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa. Sunan littafin ma da Hausa yake, alamar wanda aka yi dominsa. Daga jerin kalmomin da Schön ya fara bugawa a 1843 zuwa nan, shekara 122 ke nan.

Yadda ɗalibai suka riƙa koyon kalmomin kuwa yana da tushe a gida. Tun kafin Bature, almajirin ilimi a zaure ya saba da hanya ɗaya: ya karanto kalmar Larabci, malam ya ba shi fassararta da Hausa, ya karanto ta gaba, a haka har a kai ƙarshen darasi. Mai neman lugga kuma ya haddace Muƙamatul Hariri da waƙoƙin jahiliyya, inda ake ji da baƙin kalmomi, kuma gwargwadon yawan waɗanda ka sani gwargwadon girmanka a majalisi. Da boko ya zo, wannan ɗabi'a ta bi yara har aji. A ɗauko littafin rubutu, a ja layi a tsakiyar shafi da rula, hagu Turanci, dama Hausa. Da daddare a zauna gaban fitilar ƙwai ana rufe ɓangare ɗaya da tafin hannu ana bita. Da safe malam ya yi shifta, kowane kuskure da bulalarsa. A makarantun kwana akwai monita mai rubuta sunan duk wanda aka ji yana Hausa, a ci shi tara ko a ba shi yankan ciyawa. Littattafai irin su First Aid in English da Student's Companion da Brighter Grammar suka ƙara wa abin armashi da jerin kishiyoyi da takwarori da sunayen 'ya'yan dabbobi, waɗanda aka haddace ba a taɓa amfani da rabinsu ba.

Haddar ta yi rana, ba a musu. Mutanen da suka bi ta wannan hanya ba su cika kuskuren rubuta kalma ba. Amma ta haifar da wani ciwo: ganin cewa iya Turanci shi ne sanin kalmar da na kusa da kai bai sani ba. A muhawarar makarantu, yaron da ya jefo kalma mai gaɓa shida shi ke samun tafi, ko da ba ta zauna a gurbinta ba. Akwai masu bin ƙamus shafi-shafi daga harafin farko, su gaji kafin su kai na uku. Wasiƙar neman aiki ko ta soyayya sai an cika ta da manyan kalmomin da marubucin da mai karɓar duk sai sun duba. Ba banza ba Hausawa suka kira surutu marar amfani dogon Turanci. Abin dariyar shi ne ƙamus ɗin da ake haƙo waɗannan kalmomi daga cikinsa, na mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙi da su ne.

Wahalar gaskiya tana cikin ƙananan kalmomin. Get da put da take da run kowane ɗan aji uku ya san su, amma kowace tana da ma'anoni barkatai, kuma da an liƙa mata up ko off ko out sai ta rikiɗe ta zama wata aba. Layin da aka ja a tsakiyar shafi ba ya iya ɗaukar wannan, don gurbi ɗaya ya tanada wa kowace kalma. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, shi da ke cin abinci, ya ci kasuwa, ya ci jarrabawa, ya ci amana, ya ci sarauta, duk da aikatau guda. Baturen da ya haddace cewa ci na nufin tauna abu a haɗiye, ranar da ya ji an ce wane ya ci bashi zai rasa inda zai sa kansa.

A Satumban 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE, yara suka kwararo firamare fiye da yadda aka yi tanadi, aka ɗebi malamai da gaggawa, wasunsu su ma ba su fi ƙarfin littafin da suke koyarwa ba. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen uwa, a koma Turanci daga tsakiyar firamare. A aikace, a makarantun gwamnati da yawa malam na karanta jimla da Turanci ne ya fassara ta da Hausa har zuwa sakandare, wato hanyar zaure ta dawo da sabuwar riga. Ƙamusoshi dai sun samu. Paul Newman da Roxana Ma Newman sun yi Sabon Ƙamus na Hausa Zuwa Turanci a Jami'ar Bayero a 1977, ita Roxana ta fitar da na Turanci zuwa Hausa a 1990, jami'ar kuma ta buga Ƙamusun Hausa, wanda ke bayyana Hausa da Hausa, a 2006.

Yau kalmomin ba su da mai gadi. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a ƙarshen 2013. A Facebook da TikTok da WhatsApp matasa na koyar da kalma goma-goma da ma'anarsu, dubbai na bibiya. A Kano makarantun koyon Turanci na yamma sun zama sana'a, har Kabiru Musa Jammaje, wanda ya yi suna da wannan aiki, ya shiga shirya finafinan Kannywood da Turanci. Masu zuwa irin waɗannan azuzuwa ba yara kaɗai ba ne, akwai 'yan kasuwar Kwari da ke sayayya a Dubai da Guangzhou, da matan aure, da masu digiri da ke tsoron ranar ganawar neman aiki. Mafi yawan darussan dai har yanzu layin nan ne na tsakiyar shafi, an ɗauke shi daga takarda an mayar kan gilashin waya.

Shi kuwa sakamakon yana fitowa duk shekara. Ba a shiga jami'a a Nijeriya sai da kiredit a Turanci, a WAEC ko NECO, kuma Turanci ne darasi ɗaya da JAMB ta wajabta wa kowane mai zana jarrabawarta, ko likita zai zama ko malamin Larabci. Yaron da ke tuntuɓe a wurin, galibi ba rashin manyan kalmomi ke kayar da shi ba. Kalmomi 2,000 ɗin nan na yau da kullum ne bai karanta su cikin labari sau da yawa har suka zama nasa ba, don makarantarsa ba ta da ɗakin karatu, gidansu kuma ba littafin Turanci ko ɗaya in ban da na darasi. Gwamnonin Arewa da ke ware kuɗi duk shekara suna biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa, su fara sayen ƙananan littattafan labarai masu sauƙin Turanci su zuba a azuzuwan firamare.